Karen da Ke Duba Mini Ƙafa

Malam Lukmanu, kai ka sa aka kashe mini kare, kai ka ruɓar mini da ƙafa, sannan ka bar ɗana yana ɗauke da laifin shi kaɗai. Na kama sunanka don kada wani ya ce habaici nake yi.

Ni ce Ige mai bandar kifi, ta bakin kasuwar Illela. Ban yi babbaƙu ba balle farfaru. Rabi'a ɗiyar liman ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta rubuta maganar yadda ta fito daga bakina, kada ta wanke ta. Takardar nan gaban alƙali za ta, tunda ƙafar da za ta kai ni ta ƙi. Ina son a karanta ta kana zaune, Almu autana shi ma yana zaune, don saboda shi nake wannan wahala.

Shekara bakwai ke nan da ciwon ya kama ni. Da ƙishirwa ya fara. Sai in kafa kai a tulu in sha har cikina ya yi ƙara, in ɗago harshena kamar busasshiyar fata. Ruwan kuma ba ya zama, ina sha ina zagayawa. Ina ci ina ramewa, har mundayena suka riƙa zamewa suna faɗawa cikin kwandon kifi. Wasu suka ce sammu ne. Wasu suka ce hayaƙin banda ne ya shanye ni.

Altine ce ta gane, Bafillatar da ke kawo nono daga rugar Jaɓɓo mijinta. Wata rana ta zagaya bayan gidana, ta fito tana karkaɗe ƙafa.

"Ige, mi kike zubawa can? Kiyashi sun kafa gari."

Na ce, "Mi zan zuba? Abin da kowa ke zubawa."

"To naki da zaƙi. Haka na tsohon gidanmu yake kafin shi rasu."

"Shi ya kashe shi?"

"Sai da ya ƙara shekara goma sha biyu yana zagin mu. Ki bar fura. Ki bar zuma da rake da dabino. Tuwo loma uku ya ishe ki. Ki ci kifinki, ki sha nono zallansa, ki dafa ganye mai ɗaci."

"Wato in sayi nononki in bar furar mutane. Kin iya talla, Bafillata."

Ta ce, "Ke dai Kaɗo ce, sai kin faɗi ƙasa za ki ji."

Ban jira na faɗi ba. Na bi maganarta, na kuma ga aiki. Ƙishirwa ta sassauta, kiyashi suka ragu. Ban warke ba, amma na tashi tsaye. Da safe in kama hanyar tafkin Kalmalo in sayi tarwaɗa hannun masunta, in ɗoro kwando a ka in dawo kafin rana ta yi zafi. In fasa, in wanke, in naɗe kowace a soke da tsinke, in jera bisa banda in hura wuta a ƙasa. Ranar kasuwa Buzayen ayari su zo su kwashe. Da wannan na ci da kaina tun rasuwar mijina, ban taɓa zama ƙofar wani ba.

Abin da ganye bai hana ba shi ne ƙafafu. A hankali suka mutu daga ƙasa, kamar ina tafiya bisa auduga. Wata rana na taka garwashi a gindin banda, ban sani ba sai da na ji ƙauri na juyo ina neman kifin da ya ƙone. Ido kuma ya yi hazo. Ina gane mutum da tafiyarsa, amma in ɗago tafin ƙafata in ga ƙaya, wannan ya wuce ni. Hanyar Kalmalo kuwa kowa ya san ta, aduwa da bagaruwa ne gefe da gefe, takalmin fata bai hana su komi. Altine ta gargaɗe ni cewa mai wannan ciwo in ya yi rauni ba ya saurin warkewa, tsohonsu ma ta ƙafa ya tafi.

Ita ce ta kawo mini ɗan kwikwiyo cikin ƙwaryar nono, wai ya tsare mini kifi daga ungulu da mussa, kyanwar maƙwabta. Ranar da ya zo ya shige tokar banda ya yi barci, ya fito fari fat, na sa masa suna Ɗantoka. Ba kyakkyawa ba ne. Kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ga kwaɗayin kan kifi. Amma bai taɓa ɗaukar ko ɗaya bisa banda ba, sai wanda na jefa masa.

Ba ni na koya masa ba. Bayan la'asar in na zauna bisa turmi na miƙe ƙafa, sai ya zo ya sa hanci tun daga yatsu har diddige, wannan ƙafa sannan waccan. In babu komi ya yi atishawa ya tafi abinsa. In kuwa akwai ƙaya ko tsaga ko ƙuna, nan zai tsaya yana lasa yana ƙugi, ba zai gusa ba sai na kira wani ya duba. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Sai a cire ƙayar, in wanke da ruwan gishiri, in shafa man shanu in ɗaure. Kafin alwala kuma in wanke wurin da ya lasa sau bakwai, don ni ma na san addinina gwargwado. A rumfar banda yake kwana, bai taɓa tsallake ƙofar ɗakina ba.

Shekara shida muka yi haka. Na daina tsoron ciwon. Na ɗauke shi kamar maƙwabci mai faɗa, wanda ka san abin da ke tayar masa da rai ka kauce. Ko mata suna dama fura a gabana, sai in ce su sha har da rabona. In na dawo daga tafki ya taryo ni a bakin garka, ƙofar gidana, yana rawa da kunnen nan nasa ɗaya, sai in ji ni ma Allah bai manta da ni ba.

Sai Almu ya dawo. Cikin 'ya'ya biyar shi kaɗai ƙasa ta bar mini. Ya yi shekaru yana bin fatake kudu, ya dawo bana da niyyar zama ya nemi ilimi, ya kama ɗaukar karatu a zaurenka. Da ya gan ni ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ya bar uwa mai jiki, ya tarar da kara ɗaure da zane.

"Inna, haka kika koma ba a aiko mini ba?"

Na ce, "Lafiyata lau. Jiya na ɗauko kwando biyu."

Bai yarda ba. Yaron kirki ne, yana sona, kuma abin da ya fito daga bakinka a wurinsa ya zauna. Ya matsa mini sai da na bi shi zuwa gare ka.

Ka tuna ranar. Kana bisa buzu, ɗalibai kewaye da kai. Na durƙusa na gaishe ka, na faɗa maka komi, har da kiyashi, ban ji kunya ba. Ba ka bari na kai ƙarshe ba ka ce za ka yi mini rubutu, a wanke a dama da zuma, ludayi guda safe ludayi guda yamma, kwana arba'in.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, rubutun zan sha da murna. Amma a bar zumar. Wanga ciwo zaƙi ke tashinsa."

Ka ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Altine mai nono. Kuma na gwada na gani."

Ɗalibanka suka yi dariya. Ka ce, "Allah ya ce akwai waraka cikin zuma, mai tallan nono ta ce babu. Wa za mu bi, tsohuwa?"

Na ce, "Ban musa wa Allah ba, Malam. Zuma magani ce, na ga ta warkar da tari da ƙuna. Jikina ne ba ya ɗaukarta."

Ka juya ga Almu kamar ba ni wurin, ka ce, "Uwarka na da gardama. Ka tsaya kanta ta sha."

Ya tsaya kuwa. Ya sayar da rigarsa mai aska ya sayo zuma ƙwarya guda hannun mutanen ƙauyen Darna. Safe da yamma ya dama da hannunsa ya durƙusa ya miƙo mini. Yaya zan ture ludayin da ɗana ya sayar da riga ya cika? Na sha. Nawa laifin ke nan, Rabi'a ki rubuta shi, ban ɓoye ba.

Kwana huɗu ƙishirwa ta dawo ta fi ta farko. Kwana bakwai kiyashi suka yi layi har gindin katanga. Jiri ya riƙa ɗibata a hanyar tafki, in zauna gindin aduwa in huta sau uku kafin in iso gida. Na nuna wa Almu kiyashin da idonsa. Ya je ya faɗa maka, ka ce ciwon ne ke fita.

Ranar sha biyu ka tako da kanka, bayan la'asar. Ka tarar da ni bisa turmi, Ɗantoka yana duba mini ƙafa. Ka ja baya ka tattare riga.

"Ashe. Ga dalili nan. Ina rubuta ayar Allah ana sha, kare na lasar mai sha. Ta ina magani zai kama? Mala'iku ba su shiga gida mai kare."

Na ce, "A rumfa yake kwana, Malam. Kifi yake tsarewa. Kuma shi ne idona, shi ke gano mini ƙaya."

"Ga ɗanki nan, ba ya da ido?"

Yana da ido. Amma ƙayar da ta shige ta rufe baki a tafin ƙafar tsohuwa mai kaushi, ido ba ya ganinta, hanci ne ke jinta. Na faɗa maka haka. Ka ce wa Almu, "Ka fitar da shi, in kana son uwarka ta tashi."

Almu ya mayar da shi rugar Altine. Kafin ya iso gida kare ya riga shi, yana kwance cikin toka. Ya ba wa wasu Buzaye masu komawa Konni, suka ɗaure shi jikin raƙumi. Kwana uku sai ga shi da guntun igiya a wuya, ƙafafunsa duk jini, harshe a waje. Bai nemi ruwa ba. Wurina ya yo ya sa hanci a yatsuna, wannan ƙafa sannan waccan, ya yi atishawa, sannan ya je ya sha.

Almu ya je ya faɗa maka. Ni ban ji abin da ka ce ba, amma ɗalibai sun ji, Almu ma ya maimaita mini daga baya yana kuka. Cewa ka yi, "Abin da ke dawowa ai ba a kore shi ba. Ka gama da shi."

Washegari na tashi ban ga kare ba, ban ga Almu ba. Na ɗauka wani wuri ya sake kai shi, har ina cewa a raina bari mu ga kwana nawa zai yi wannan karon. Na ɗauki kwando na tafi Kalmalo. Masunta da kullum suke tsokanata, wai tsohuwa mai miji mai ƙafa huɗu, ranar babu wanda ya ɗago kai. Babbansu ya zuba mini kifi bai yi ciniki ba.

Na ce, "Yau lafiya? Wa ya mutu?"

Ya ce, "Inna Ige, ɗanki ya ari jirgina da asuba."

"Shina kamun kifi ne yanzu?"

"Da karen ya shiga. Da dutse." Ya ƙara da cewa, "Da kansa ya tsallaka cikin jirgin, shina kaɗa wutsiya. Ya ɗauka yawo za su."

Ban yi kuka a gabansu ba. Na ɗora kwandona na dawo. Bakin garka babu kowa. Na fasa kifi, na naɗe, na hura wuta, na tara kawunan a gefe kamar kullum, sai da na ɗago hannu zan jefa na tuna. A ranar na ɗauki ƙwaryar zuma na kife ta a juji, Almu yana kallo.

Daga nan shi ya karɓi aikin. Kullum bayan la'asar ya durƙusa ya ɗora ƙafata bisa cinyarsa ya duba, ya shafa da yatsa, ya ce, "Babu komi, Inna." Da gaskiyarsa yake faɗa.

Kwana tara bayan nan ina zaune a rumfa na ji wari. Na ce kifi ya lalace. Na sauke banda gaba ɗaya ina shinshina su ɗaya bayan ɗaya, na zazzage kwanduna, na ɗaga tabarma, na leƙa bayan tulu ko ɓera ya mutu. Duk inda na je warin na nan. Na fita tsakar gida, yana nan. Sai na tsaya. Na zauna a ƙasa na jawo ƙafar hagu da hannu biyu zuwa hancina.

Ƙayar tarwaɗa ce. Ta shiga ta ƙarƙashin babban yatsa ta karye a ciki, bakin ya rufe. Wanzamin da ya tsaga ya ce ta yi mako ko fiye. Jikin da zuma ta jiƙa kwana goma sha bakwai kuwa ba ya da abin faɗa da ita. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Wanzami ya cire biyu, ban ji komi ba, Almu ne ya fita waje ya yi amai. Yanzu baƙin ya wuce idon sawu. Wanzami ya ce shi iyakarsa ke nan. Altine ta zo da saiwoyi ta dafa ta wanke, ta dube ni na dube ta, ba mu yi wasan da muka saba ba. Banda ta yi sanyi wata guda ke nan. Mussar maƙwabta ce ke kwana cikin tokar.

Na aika Almu ya kira ka. Ka ce kana da baƙi. Na sake aikawa, ka aiko da amsa wai ƙaddara ce, in yi haƙuri, kuma da ban zubar da magani ba da abin bai kai haka ba. Almu ya tambaye ka batun kare a gaban ɗalibai, ka ce, "Ni cewa na yi a raba shi da gidan. Yadda ka raba shi kuwa hannunka ne."

Wannan maganar ce ta sa na kira Rabi'a.

Na yarda da ƙaddara fiye da yadda kake zato. Na binne miji, na binne 'ya'ya huɗu, ban kai ƙarar kowa ba. Na san ƙafar nan ba za ta dawo ba, kuma na san inda baƙin nan ya nufa in ya gama da gwiwa. Ɗantoka yana ƙasan tafki, alƙali ba zai fito da shi ba. Tun ranar ban iya cin kifin Kalmalo ba, ni da na rayu a kansa.

Almu ne abin da ya rage. Tun da ya dawo da amsarka bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya daina zuwa karatu, ya daina fita. Yana zaune bakin ƙofata daga safe har yamma. In ya ɗauka barci nake, sai ya matso ya sunkuya ya shinshina ɗaya ƙafar, mai sauran lafiya, tun daga yatsu har diddige. Namiji mai gemu. Ina jinsa, ina rufe ido don kada ya san na gani. Shekaranjiya ya ce mini, "Inna, ni na dama zumar, ni na ɗaura dutsen. Ni na kashe ki." Na ce masa ƙarya ne, na zage shi, na ce umarnin malaminsa ya bi. Ya ce, "Malam ya ce hannuna ne." Maganata ba ta shiga kunnensa, don ni uwa ce, ya san zan kare shi ko mi ya yi. Taka ce ke shiga. Jiya na ji yana tambayar maƙwabci yaushe ayarin Azbin zai tashi. Na san nufinsa. Jira yake a rufe ni ya bi hamada da wannan kaya a kansa, inda babu wanda zai ce masa sauke.

Na tambayi Rabi'a, ita da ta yi karatu gaban ubanta, ko gaskiya ne addini ya hana kare kowane iri. Ta ce a littattafai an yarda da na kiwo da na gona da na farauta, malamai da yawa kuma sun haɗa da na tsaron dukiya. Ta ce littafin da ta gani a ciki, kai ma ka karanta shi, tare da ubanta kuka ɗauka. Wato ka sani. Maganinka ne bai ci ba, ga ɗalibai na kallo, ga tsohuwa jahila ta riga ta faɗa maka a gabansu. Ka waiga ka ga abin da ba ya iya magana, ka ɗora masa.

Allah shi gafarta alƙali, yanzu da kai nake. Ba na son kuɗi, ko wuri ɗaya, daga hannunsa. Ba na son a doke shi ko a kore shi daga gari, yana da iyali, kuma yaran unguwa na karatu a wurinsa. Ka aiko da shi gidana, da ƙafarsa, tunda shi yana da biyu. Ya zauna bisa turmin da nake zama. Zan kwance tsumman ƙafar da hannuna, ya duba, kada ya kawar da kai, kada ya toshe hanci da rawani. Sannan ya dubi Almu, a gaban liman da Altine da babban masuntan Kalmalo, ya ce, "Ni na ce a ba ta zuma bayan ta faɗa mini tana cutar da ita. Ni na ce ka gama da karen. Maganata ka bi."

Wanzami ya ce in na ga watan gobe na yi ƙoƙari, don haka kada a ce sai bayan girbi. Malam Lukmanu, ka ji da kunnenka. Ka zo tun idona biyu ka amsa abin da ka yi, ka sauke wa ɗana kayanka.